Ƙaramar tagar leƙe da ake ɗorawa a saman kyamara: mene ne aikinta?

Duk wanda ya taɓa ganin tsohuwar Leica ko Zorki ta Rasha da wani ɗan ƙarfe mai gilashi a samanta, zai iya zaton ado ne. Ba ado ba ne, tagar leƙe ce ta ƙari.

Waɗannan kyamarori masu auna nisa, wato rangefinder, ba ta cikin lens mai hoto yake kallo ba. Wata taga daban yake leƙawa, kuma ita tagar tana da iyaka. Leica M3 da ta fito a 1954 layukan lens uku kawai take nunawa: milimita 50, 90 da 135. Tsofaffin Leica na kafin ta kuwa 50 kaɗai suka sani. To idan ka ɗaura lens mai faɗi kamar 21, hoton zai kwaso abubuwan da idonka bai gani ba. Shi ya sa ake sayo tagar da ta dace da lens ɗin, a zura ta a mazaunin filasha. Akwai ma ta kamfanin KMZ mai juyawa, wadda ta haɗa 28, 35, 50, 85 da 135 wuri guda.

Aikin kashi biyu ne. Za ka fara daidaita nisa a tagar kyamarar har siffofi biyun nan su haɗe, sannan ka ɗaga ido zuwa ta sama ka tsara hoton. Ta saman ba ta auna komai, nan ne sababbin hannu ke yin asarar fim.

Babbar matsalar dai ita ce tagar tana zaune sama da lens. Daga nesa ba a lura, amma idan mutum yana kusa, kamar mita ɗaya, abin da ka gani ya ɗan fi na lens tashi sama. Sai an wanke hoto ka tarar an yanke hular ango. Wasu tagogin suna da ɗan maɓallin da ake murzawa zuwa lambar nisan, wasu kuma layin gyara ne a ciki. Idan babu ko ɗaya, bar sarari sama da kan mutum.

Sai kuma filasha: tunda tagar ta cinye mazauninsa, dole ka riƙe shi a gefe da waya.