Rushe Tsakiyar Ikko a 1955: Gida Ya Yi Kyau, Ƙofarsa Ta Mutu

Yaranmu da ke zuwa Balogun sarin atamfa da leshi, da yawansu ba su san cewa wani sashe na ƙasar da suke takawa gidajen mutane ne aka rushe ba. Sun tarar da turmutsutsu, sun ɗauka haka wurin yake tun fil'azal. To, labarin ya shafe mu, mu da abincinmu yake bakin titi.

Abin ya faro ne daga annoba. A 1924 cutar nan da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a tsibirin Ikko, ta yi shekaru tana kisa. Turawan mulki suka ɗora laifin a kan cunkoson gidaje da ƙazantar kwatoci, kuma a nan ba su yi ƙarya ba. A 1928 suka kafa hukumar raya birni da ake kira LEDB, suka ba ta ikon rushe unguwar da ta ga ba ta dace da zaman ɗan Adam ba. Ta fara taɓa wajen Oko Awo. Su kuwa Turawan suna can Ikoyi, kowa da gidansa a tsakiyar fili, ba shago ba mai talla. A idonsu wannan shi ne gari mai kyau, kuma da wannan mudun suka auna sauran.

Babban aikin sai a 1955. 'Yancin kai ya ƙarato, ana jin kunya a ce ga yadda tsakiyar babban birnin ƙasa take. Aka shata eka 70 tsakanin titin Broad, da Balogun, da titin Victoria wanda yau ake kira Nnamdi Azikiwe, inda babban masallacin Legas yake. Mutum kusan 20,000 ne tsarin ya shafa. Aka gina musu sababbin gidaje a Surulere, ƙetaren gadar Carter, har ana kiran wurin Sabuwar Legas.

Kafin a ce an cuce su ko an taimake su, sai a duba yadda tsohuwar unguwar take. Lunguna ne matsattsu, wani ma mutum biyu ba sa jerawa sai ɗaya ya kauce. Gidajen na gado ne, kaka da 'ya'ya da jikoki da 'yan haya duk a ciki, kuma kowace ƙofa kai tsaye take buɗewa cikin lungu, babu katanga babu fili a gaba. Matar gida za ta kafa teburinta a bakin ƙofa, tana sayar da taba da ashana da sabulu, tana duba tukunya, tana duba yaro. Tela yana baranda da kekensa. Maƙerin zinariya yana ɗakin gaba. Su wa ke saye? Akawun ofisoshin Marina, leburorin bakin ruwa, fasinjan da ya sauko daga kwalekwale, duk ta waɗannan lungunan suke ratsawa safe da yamma. Dillalin kaya yana ba mace bashin atamfa domin ya san ƙofarta, ya san mijinta, ya san masallacin da yake salla. Ka ga ashe lungun nan da injiniya ya kira ƙazanta shi ne shagon, shi ne kuma jarin.

Surulere fa? A faɗi gaskiya, gidajen sun fi na dā nesa ba kusa ba. Ga famfo, ga bayan gida, ga iska, ga titi mai faɗi a miƙe. Amma an gina wurin don kwana kawai. Da gari ya waye ma'aikata sun bi bas sun tafi tsibiri, titi ya zama wayam. Mai tebur ta fito da kayanta, wa zai saya? Maƙwabciyarta ma tebur gare ta, kuma babu baƙon da hanyarsa ta biyo ta nan, domin titin ba ya kai kowa ko'ina.

Wani Bature ɗan Ingila, Peter Marris, ya bi mutanen nan yana tambayarsu, ya fitar da littafi a 1961. Abin da ya tarar bai ba duk wani ɗan kasuwa mamaki ba: masu albashi sun fi jin daɗin sabon wurin, masu sana'ar hannu da 'yan tireda kuwa ciniki ya karye musu. Kuɗin mota ya cinye ribar. Dangi sun watse, tsohuwar da dā 'ya'yanta ke leƙa ta kullum sai ta koma jiran ƙarshen mako. Filayen da aka share kuma, da aka zo sayar da su, kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin masu su na asali.

Abin dariya, ko in ce abin lura, shi ne kasuwa ba ta jira izinin kowa ba. Kangon da aka bari a tsibiri 'yan tireda suka cika shi da rumfuna, domin ƙafar mutane ba ta daina bi ta nan ba. Surulere ita ma ba ta rayu ba sai da gari ya cim mata, masu gida suka fasa ɗakin gaba suka mai da shi shago. Je ka Ojuelegba ko Adeniran Ogunsanya da daddare ka gani. Haka Festac da aka gina a 1977, da lungunanta masu toshewa a ƙarshe da ƙofofin shiga: nan ma shagunan da ba sa cikin taswira sun tsiro.

Mu a Agege ai ba baƙin wannan karatu ba ne. Tasha ce ta haifi zamanmu. Jirgin ƙasa ya kai Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, gonakin goro na kewaye suka jawo iyayenmu, suka sauka kusa da inda jirgi ke tsayawa. Suka zo da irin ginin da suka sani: zaure a gaba, benci ko tabarma a ƙofa. Fatake su sauka a gidan maigidansu, a yi cinikin huhun goro a bakin ƙofa, mai shayi na gefe, mai tsire ya hura wuta bayan la'asar, da magariba sahu ya fito har titi. Shi ya sa baƙo ba ya shiga layinmu ba a gan shi ba, ko da ƙarfe goma sha ɗaya na dare ne. Layin da aka yi wa dogayen katangu da ƙofar ƙarfe kuwa, bayan isha ko mai gadi ɗari-ɗari yake yi.

A watan Maris na 2021 aka buɗe gadar sama ta Pen Cinema. Duk wanda ya taɓa yin awa guda a mararrabar nan yana jiran jirgi ya wuce ba zai zagi gadar ba, ni ma ba na zaginta. Sai dai mutumin da dā yake tsayawa dole, ya sayi burodi ko goro ko carbi ta tagar mota, yanzu ta saman kanmu yake wucewa. Masu faranti da yawa sun ɗauke kayansu sun koma gindin gadar da bakin tashar mota, inda har yanzu fasinja ke sauka da ƙafarsa.