Ashana Ɗaya a Ronan Point

'Yan uwa masu aika kuɗi gida a ɗora bene, ga wani tarihi daga nan Landan. Ranar 16 ga Mayu, 1968, wata mata ta ƙyasta ashana a hawa na 18 na Ronan Point, a Newham. Gas ya fashe, bango ya fice, kusurwar benen ta rufta har ƙasa, mutum huɗu suka rasu. Allunan kankare aka jera ba tare da ɗauri mai ƙarfi ba. Daga 1970 doka ta wajabta tsara dogon gini yadda faɗuwar bango ɗaya ba za ta ja sauran ba. Ni abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne, da aka zo rushe benen a 1986, jaridu aka tarar an cusa inda ya kamata a zuba siminti.