Dazuzzukan da Karnukan Farauta Suka Koyi Aiki a Ƙasar Funtua da Malumfashi

Da an kai dawa rumbu, an tsince auduga, hunturu ya kankama, abin da samarin ƙauyukan Bakori, Ƙafur, Danja da Faskari suke kasa kunne su ji shi ne ganga. Makaɗi zai zaga gari da yamma yana shelar cewa gobe akwai farauta, kuma daji kaza aka nufa. Sunan dajin shi ne babban labari, domin ba a cika komawa inda aka je wancan makon ba. Yau gabas, mako mai zuwa yamma, wani jiƙon a nausa kudu, har rani ya ƙare.

Ba samari ne ke zaɓar wurin ba. Sarkin Dawa ko Sarkin Baka da dattawan sana'ar su ke yanke shawara, sannan a sanar da mai garin da dajin yake ƙasarsa. A Funtua maganar takan tuƙe ga Sarkin Maska, a Malumfashi kuwa ga Galadiman Katsina. Dalili na farko na sauya daji a fili yake: dajin da ɗaruruwan mutane da karnuka suka tattake, aka kuma cinna masa wuta, ba ya ba da nama kashegari. Sai an ƙyale shi ciyawa ta tofo, zomo da gada su dawo. Dalili na biyu, wanda ba kowa ke lura da shi ba, na karnukan ne.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kare yana kwikwiyo mai shi yake fara aikinsa. Zai ba shi suna, ya riƙa ciyar da shi da hannunsa, ƙanzo ne ko dusa ko ragowar tuwo, har ya zama muryarsa kaɗai yake amsawa. Da yawa sukan datse masa bakin kunne, wasu su rataya masa laya. Idan ya tasa, sai a fara fita da shi bayan gari ɗaure da igiya, a gefen tsohon kare da ya san aiki. A nan zai ga yadda ake tono gafiya, a ba shi ya sansana, a ɗanɗana masa kayan ciki. Saurayi mai zumuɗi yakan so sakin kwikwiyonsa da zarar zomo ya tashi, sai dattijo ya daka masa tsawa: "Yaro, riƙe igiyarka, bari ya ga yadda babban ke yi tukuna." Shi kuma ya ce, "To, Baba."

Amma bayan gari darasi ɗaya kawai yake koyarwa. A fako, inda ƙasa take a shimfiɗe ba ciyawa, kare yana koyon gudu da yadda zomo ke zamiya ya bar shi da ƙura. A cikin sabara da kalgo ido ba ya aiki, sai hanci. A fadama zai haɗu da gyazbi cikin ciyawa mai kauri da laka mai riƙe ƙafa. Duwatsun da suka watsu a ƙasar Bakori da Ƙanƙara kuwa nan ake sanin kare mai hankali, wanda ba zai cusa kai cikin kogon beguwa ya fito da ƙaya a fuska ba. Karen da bai san komai ba sai fegi ɗaya, ranar da aka kai shi baƙon daji sai ya maƙale a ƙafar ubangidansa. Saboda haka zagayen nan na dazuzzuka shi ne makarantar kare, kowane daji da ajinsa.

Malamai ma suna da ta cewa, kuma maganarsu ta ƙara wa horon nauyi. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar da aka horar ta kamo. Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta yi bayanin haka a fiƙihun Malikiyya, ta kuma karhanta farautar da ake yi don wasa kawai. Sharaɗin shi ne karen ya zama horarre, mai shi ne ya aika shi, ya kuma ambaci sunan Allah. Horon kare ke nan ya shafi halaccin abin da za a zuba a tukunya, a cikin al'ummar da ba ta cika son kare ya raɓi tabarma ba.

Duk wannan tsari ya dogara ne kan abu guda: a sami daji da yawa da za a zaɓa. A ƙarni na 19 ba a rasa shi ba. Mutane sun taru cikin garuruwa masu ganuwa saboda hare-hare, musamman na mayaƙan Maraɗi da ke ratsowa ta dajin Rugu, sai tsakanin gari da gari ya zama sunƙuru. Manomi kuma yakan bar gona ta huta shekaru, kuma wannan saura ita ce gidan zomo da fakara. A wurin Maguzawa, waɗanda mai bincike Murray Last ya zauna cikinsu a yankin Malumfashi wajen 1970, daji wuri ne mai masu shi, ba a faɗa masa haka kawai. A ƙasar Maraɗi, wani mai binciken, Guy Nicolas, ya rubuta yadda ake bikin buɗin daji kafin a fara farautar shekara. Ko bayan Musulunci ya kawar da tsafin, tunanin cewa daji yana da lokacin buɗewa da na rufewa bai gushe ba.

Auduga ce ta fara cin dajin. Kamfanin BCGA na Ingila ya kafa gidajen gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, aka buɗe gonar iri a Daudawa, sannan layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtua ya isa Ƙauran Namoda a 1929. Baƙi suka kwararo neman ƙasar noma. Turawa kuma suka zo da nasu sharuɗɗan: dokar kare namun daji ta 1916, wadda gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta a 1963, da gandun daji da aka shata aka hana shiga, irin su Kamuku a ƙasar Birnin Gwari a 1936. Manyan namu kamar gwanki da ɓauna suka ja da baya zuwa yamma, suka bar wa mafarautan ƙauye ƙananan.

Babban sauyin ya zo a 1975, lokacin da aka fara shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Najeriya tare da na Gusau da Gombe. Shirin ya shafi ƙasa mai faɗin sama da murabba'in kilomita 7,000, har da Malumfashi da Ƙanƙara. Takin zamani ya wadata, aka fasa hanyoyi zuwa ƙauyuka, masara ta zama amfanin sayarwa. Ba wanda zai yi jayayya da alherin da wannan ya kawo wa gidaje. Sai dai mai taki ba ya barin gona ta huta, don haka saura ta ɓace. Fadamun da ake kai karnuka suka koma lambunan tumatir da rake, kamar yadda kowa ke gani a Danja. Ƙidayar 2006 ta sami mutum sama da 225,000 a ƙaramar hukumar Funtua kaɗai.

Mafarauta ba su daina zagaye ba, sai dai da'irar ta faɗaɗa. Abin da ake yi da ƙafa ya koma na mota: a yi karo-karo a ɗauki babbar mota, mutane da karnuka da gora da barandami duk a baya, a kwana biyu ko uku a wani daji mai nisa. Nan matsala ta ƙaru. Ƙungiyoyin garuruwa daban-daban suna haɗuwa a daji ɗaya, zomo guda ya tashi karnuka goma su bi shi, a rasa na wa ya fara kamawa. Da can dattijo ne ke raba gardama, domin ya san uban kowa. A baƙon daji ba mai jin maganar wani, sai 'yan tauri su zare wuƙa. Wannan ne ya ɓata wa farauta suna a idon hukuma, kuma rashin adalci ne a ɗora laifin kan al'adar gaba ɗaya, alhali ƙuncin wuri ne ya haddasa yawancinsa.

Sai kuma 'yan bindiga suka rufe abin da ya rage. Dazuzzukan Faskari, Sabuwa, Dandume da Ƙanƙara, waɗanda suka haɗe da na Zamfara da Birnin Gwari, suka zama maɓoyarsu. A Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta Aminu Bello Masari ta hana motocin itace shiga daji, ta rufe wasu hanyoyi da kasuwannin dabbobi, aka kuma katse layukan waya a yankin. Gandun Kogo, wanda ke wannan yanki, yana cikin wurare 10 da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 su zama gandun daji na ƙasa, amma takarda ba ta kori kowa daga cikinsa ba. Mafarauta da yawa suka koma aikin sintiri, suna nuna wa jami'an tsaro hanyoyin da suka sani tun suna bin iyayensu da igiyar kare.

Tafiya nesa ma ta zama kasada. A ƙarshen Maris 2025 aka kashe mafarauta 16 'yan Jihar Kano a Uromi ta Jihar Edo, suna hanyar komawa gida yin Sallah daga Jihar Ribas, bayan an ga bindigogin toka a motarsu an ɗauke su masu garkuwa da mutane. Labarin ya girgiza duk mai wannan sana'a a Arewa.

Kwikwiyon da ake raino yau a ƙauyukan Funtua da Malumfashi yakan tashi bai san komai ba sai kan iyakar gonaki, bakin madatsun ruwa irin su Mairuwa da Gwaigwaye, da ramukan gafiya a bayan gari. Dattawan da suka san wane daji ke koyar da hanci, wane ke koyar da gudu, suna nan da ransu, amma yawancin wuraren da za su ambata ko dai sun zama gonar masara ko kuma ba mai iya shigarsu.