Iyo Kafin Rubutu: Matsayin Wasanni da Fasaha a Makarantun Bakin Tafkin Kainji

Tun daga shekarar 1968, sa'ad da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, kogin Kwara ya tsaya ya kumbura har ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya shanye tsohuwar Busa da yawancin gungunan da Gungawa suke noman albasa a kansu, aka kuma tayar da mutum sama da dubu 40 zuwa sababbin matsugunai, al'amarin mutanen ƙasar Yauri ya ɗauru da ruwa irin ɗaurin da ko kakanninsu, waɗanda su ma mutanen kogi ne, ba su san shi ba. Mutumin Warra, hedkwatar ƙaramar hukumar Ngaski, kifin da yake ci daga tafkin nan ne, baƙin da ke cika kasuwarsa da yawansu ta kan ruwa suke zuwa, in kuma zumunci ya kira shi ƙetare, wajen ƙasar Borgu, jirgi zai shiga. Amma duk da haka, wanda ya duba jadawalin makarantar da ke tsaye a wannan gaɓa ba zai ga abin da ya raba shi da na makarantar tsakiyar birnin Kano ba, har yaro yakan gama shekarunsa tara na ilmin farko, a auna shi a lissafi da Turanci sau ba iyaka, ba a taɓa tambayarsa ko ya iya iyo ba. Abin da nake nufin tabbatarwa shi ne, wasannin motsa jiki da ayyukan fasaha rukuni ne daga rukunan tarbiyya, kuma makarantun Yauri da Ngaski da Shanga ba su bukatar tafiya nesa neman waɗanda za su koyar, domin suna nan a bakin ƙofarsu.

A takarda dai ba a yi sakaci ba. Manufar ilmi ta ƙasa da aka fitar a 1977 ta ambaci raya jiki da fasaha, manhajar shirin ilmin bai-ɗaya da aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 kuma tana da darasin motsa jiki da kiwon lafiya, tana da na al'adu da ƙirƙira. Jarrabawa ce ta ɓata lissafin. Tun da ƙofar jami'a ba ta buɗuwa sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci, sai hedimasta da uba da shi kansa yaron suka haɗu a kan ra'ayi guda, cewa duk abin da ba ya cikin biyar ɗin nan ɓata lokaci ne. Saboda haka sa'ar motsa jiki takan koma ta maimaita darasi, ko ta shara da yankan ciyawa, filin wasa kuwa, in akwai shi, ba a tuna shi sai ranar gasar shekara, a yi fareti, a raba kofi, a watse.

Mas'alar da ta kamata a fara warwarewa ita ce ta shari'a, domin a ƙasarmu duk abin da ba a wanke shi daga zargin lagwu ba, iyaye ba za su saki jiki da shi ba, kuma ba laifinsu. To, malaman Musulunci ba su bar wannan babi a rufe ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, a cikin Ihya'u Ulumiddin inda yake bayani a kan horon yara, ya yi umurni a bar yaro ya yi wasa mai kyau bayan ya taso daga makaranta don ya huta, ya kuma kafa dalili cewa hana shi wasa da tsananta masa da karatu kullum yana kashe zuciyarsa, ya dushe basirarsa, har ya shiga neman dabarar rabuwa da karatun baki ɗaya. Mai wannan magana cikin zuhudu ya ƙare rayuwarsa, ba mai tuhumarsa da son shagala. Kafin shi kuwa, ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya sa an yi sukuwar dawaki a Madina, ya bar Habashawa suka yi wasan masu a masallaci, ya kuma bayyana fifikon mumini mai ƙarfi a kan mai rauni, alhali kowannensu yana da alheri. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi umurni a koya wa yara iyo da harbi da hawan doki. Amma labarin da ya fi dacewa da mutanen bakin tafki shi ne wanda marubuci Jahizu ya kawo, cewa Hajjaju ɗan Yusufu, gwamnan Iraƙi, ya umurci malamin 'ya'yansa ya gabatar da iyo a kan rubutu, bisa hujjar cewa mai rubuta musu ba zai yi wuyar samu ba, mai yi musu iyo kuwa babu shi. Hajjaju ba abin koyi ba ne a wajen adalci, amma a nan ya dace.

Ranar 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi da ya taso daga Lokon Minna ta jihar Neja, ya nufo Warra ɗauke da mutum fiye da 150, ya nutse a tsakiyar ruwa, waɗanda suka fita da rai 'yan kaɗan ne, masunta da gwanayen nutso kuma suka yi kwanaki suna tsamo gawa. Ajali ba ya wuce ranarsa, wannan imaninmu ne. Amma shari'ar da ta koya mana imani da ƙaddara ita ce ta sanya kiyaye rai cikin lalurori biyar da ta zo don ta tsare, ita ce kuma ta umurce mu da riƙon sababi. Ba na cewa iyo kaɗai zai kuɓutar da wanda jirginsa ya kife inda ba a hango gaɓa. Lodin da ya wuce kima, da tsufan jirage, da kututturan itatuwan da ruwa ya rufe tun cikar tafki, da ƙin sa rigar ceto, su ne asalin musiba, gyaransu kuma yana wuyan hukuma da masu jirage. Sai dai wanda aka koya masa ya kwanta a kan ruwa bai firgita ba, ya riƙe jarka ko katako har agaji ya iso, ya miƙa wa mai nutsewa sanda ko igiya maimakon ya faɗa su rungume juna su tafi tare, yana da rabon da wanda bai sani ba ba shi da shi. Yaron da ya saba da rigar ceto tun a makaranta kuma, in ya girma ya riƙe injin jirgi, ba zai ga sa ta abin kunya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2014 a kan mutuwa a ruwa, ta lissafa koya wa 'yan makaranta iyo da dabarun ceto cikin matakan da take kira a ɗauka, a Bangaladash kuwa an koya wa dubban yara iyo a kududdufan ƙauye da aka kafa wa dandamalin gora, ba a jira ginin zamani ba.

Wani zai ce ɗan bakin ruwa ba a koya masa iyo, yaron da ya wuni a gonar albasa ko a kan jan taru kuma ba ya bukatar a ce masa ya motsa jiki. Rabin maganar gaskiya ce. Ɗan Basarke da ɗan Bagunge a ruwa suka buɗe ido, amma ba su kaɗai ne a aji ba: akwai ɗan manomin da ya zo daga tudu, akwai ɗan falke da ɗan ma'aikaci, akwai kuma 'yan mata, waɗanda da zarar sun tasa kunya takan janye su daga ruwa, alhali su ne gobe za su cika jirage ranar kasuwa da goyo a baya. Su mata 'yan'uwansu za su koya musu, a keɓantaccen wuri, cikin cikakkiyar sutura, kuma sharaɗi ne mara wuyar cikawa. Sa'an nan iyon da yaro ya tsinta da kansa bai haɗa da sanin inda tsargiya ke kama mutum ba, wato ruwa mara gudu mai ciyayi inda katantanwa ke zama, ko wuraren da dorina da kada ke riƙe da su. Wannan sani a rabe yake tsakanin Sarkin Ruwa da malamin asibiti, makaranta ce za ta iya zaunar da su biyun gaban yara.

Aikin gona kuwa yana gina ƙarfi, amma abin da wasa mai ƙa'ida ke koyarwa daban ne. Wani masanin al'adu Ba'amurke, Frank Salamone, wanda ya yi bincike a Yauri cikin shekarun 1970, ya rubuta a kan kokawar Gungawa, ya nuna cewa ta wuce gwajin ƙarfi, tana cikin abubuwan da al'umma ke gane kanta da su. A ƙasar da ta tara Gungawa da Kambari da Dukawa da Shangawa da Lopawa da Fulani da Hausawa, fagen kokawa ne wurin da yaro ke fara koyon tsayawa a kan hukuncin alƙali ko bai yi masa daɗi ba, da tashi daga kaye ya karkaɗe jiki bai ƙulla gaba ba, da gane cewa ƙasa ba ta tambayar ɗan wa ta karɓa. Ana iya rubuta haƙuri da adalci a allo a sa yara su haddace, amma ɗabi'a ba ta zama a jiki sai da maimaici a wurin da rai ke ɓaci. Turawan mulkin mallaka sun gane wannan, ko da yake manufarsu ita ce horar da ma'aikatan En'e masu ladabi: Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 ta ba wasa babban muhimmanci, wani malami Hogben, wanda ya koyar a Birnin Kebbi da Katsina, ya shigo da fayif, ƙwallon da ake bugawa da hannu a jikin bango, wadda Sardauna Ahmadu Bello ya shahara da sonta. Illar tsarinsu ita ce sun shigo da kurket da fayif, suka bar kokawa da langa da tseren kwale-kwale a bayan shinge, har ɗan boko ya tashi yana ganinsu ƙauyanci. Mu kuma muka gaji rainin, muka yar da abin da suka kawo. Yau ana shirya bikin Rigata a Yauri, wanda aka farfaɗo da shi a 'yan shekarun nan, ana yin na kamun kifi a Argungu, wanda ya samo asali daga 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016. Amma bikin shekara guda na nuna wa baƙi ne, in makarantu ba su raino matuƙa da masu nutso ba, wata rana za a kafa rumfa a rasa masu shiga ruwa.

Sha'anin fasaha ya fi wannan sarƙaƙiya, domin a nan ne malamai suka yi tsanani, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya yi inkarin kaɗe-kaɗen shagala da cuɗanyar maza da mata. Amma mai kafa hujja da Shehu wajibi ne ya tuna cewa jama'arsa da waƙa suka karantar da ƙasar nan. Shi da ƙanensa Abdullahi na Gwandu sun tsara ilmi a baiti, 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa, jajinta, wato malamai mata da ta naɗa, suka ɗauke su ƙauye-ƙauye suna koya wa mata 'yan taru, saboda ta san abin da aka rera ya fi abin da aka faɗa zama a zuciya. Makarantar allo ma ba ta taɓa rabuwa da zane ba, ga zayyanar allon sauka shaida, da dafa tawada da fiƙe alƙalami da kyautata rubutu. A ɓangaren boko, makarantar da Bature Ɗan Hausa ya kafa a Nasarawar Kano a 1909 tana da sashen sana'a, Malam Aminu Kano kuma, yana malami a Midil ta Bauchi cikin shekarun 1940, da wasan kwaikwayo ya riƙa buɗe idon ɗalibansa. Abin da aka hana yana da iyaka sananna, filin da ya rage kuwa mai faɗi ne.

A bakin Kainji filin nan ya ƙunshi sassaƙar jirgi da filafili, inda yaro zai taɓa awo da ma'auni da hannunsa kafin ya gamu da su a littafin lissafi, da saƙar koma da tabarma, da ginin tukwane, da waƙoƙin tuƙi da na daka, da tatsuniyoyi cikin harsunan gida. Na ƙarshen nan ne ya fi damuna. Harshen Shangawa ya ja baya ƙwarai gaban Hausa, na Gungawa ma yana jin matsin, mu Hausawa kuma, da muke kukan abin da Turanci ke yi wa harshenmu, bai kamata mu kau da kai daga abin da namu ke yi wa na maƙwabta ba. Ajin da aka ce kowane yaro ya kawo waƙa ko labari daga bakin kakarsa, ya faɗa da harshensa, ya fassara wa 'yan'uwansa, an koyar da adabi da tarihi da girmama juna a cikinsa, ba a sayi ko alli ba.

Na san halin da ake ciki. Tun da 'yan bindiga suka kwashi ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yuni, 2021, iyaye ba su son yaro ya daɗe a waje, ajin da rufinsa ke yoyo kuma ba a yi masa zancen filin wasa. Amma abin da nake nema bai dogara ga kwangila ba. Rairayin gaɓa ya isa fagen kokawa, jiragen koyo suna wurin masunta, malaman kuwa su ne Sarakunan Ruwa da masassaƙa da tsofaffin mata, waɗanda ba abin da ya hana su shiga makaranta sai rashin takardar shaida. Kirana ga Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammadu Zayyanu Abdullahi, wanda ya shugabanci Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo kafin ya hau gado, da hukumomin ilmi na Yauri da Ngaski da Shanga, shi ne a keɓe yammaci guda kowane mako wanda ba mai ikon mayar da shi lissafi ko shara, a ɗauki masu waɗannan sana'o'i a riƙa ba su ɗan alawus, a kuma fara da abu mafi sauƙi: kowane hedimasta na makarantun gaɓa ya ƙirga yaransa, maza da mata, ya rubuto nawa ne suka iya iyo, a soma koya wa sauran tun kafin damina mai zuwa.