Gwamna Lugga: Sunan Da Ya Rufe Kakin Soja

Idan dattijo ya ce abu ya faru "tun zamanin Gwamna Lugga", kowa ya san farkon zuwan Turawa yake nufi. Sunan mutumin na yanka Frederick Lugard. Bakin Bahaushe ba ya son rufe kalma da baƙaƙe biyu a cunkushe, sai ya sauke ƙarshen, ya nauyaya tsakiyar, sunan ya koma Lugga. Wannan ɓangaren mai sauƙi ne. Kalmar da ke gabansa, wato Gwamna, ita ce ta fi buƙatar a tsaya a duba.

Lokacin da aka ɗaga tutar Ingila a Lakwaja ranar 1 ga Janairun 1900, ba gwamna ba ne muƙaminsa, Babban Kwamishina ne na Arewa. Da wannan muƙami ya tura dakaru ƙarƙashin Kanar Morland suka ci Kano a Fabrairun 1903, suka ci Sakkwato a Maris. Da shi ne kuma aka murƙushe tawayen Satiru a 1906, shekarar da ya bar ƙasar. Gwamnancinsa na farko a Hong Kong ya yi shi, daga 1907 zuwa 1912. Sai da ya dawo ya zama gwamna a nan, sannan Gwamna Janar bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914. Ke nan sunan da muka riƙe na zuwansa na biyu ne, mun ja shi baya mun lulluɓe na farko da shi.

Abin da aka lulluɓe kuwa soja ne tun daga tushe. An haife shi a Madras ta ƙasar Indiya a 1858, ya yi horo a Sandhurst, ya yi yaƙi a Afganistan da Sudan da Bama. An harbe shi a yankin Tafkin Nyasa a 1888, ya yi wa kamfanin Ingila aiki a Yuganda, a 1894 kuma ya yi tseren isa Nikki ta ƙasar Borgu don ya riga Faransawa. A 1897 aka ba shi aikin kafa rundunar da daga baya ta ci ƙasar nan, kuma akwai Hausawa da yawa cikinta.

Ta bakin waɗannan sojoji wasu kalmomi suka shigo gida suka zauna. Sabon ɗauka ya zama kurtu, na sama da shi kofur da saje da samanja, sai hafsa, kyaftin, manjo, kanar. Duk daga Turanci suke, amma an murza su har sun daina jin baƙunta. Wadda ta fi kowacce yin nisa ita ce bariki. Asalinta masaukin soja kawai. Yau idan uwa ta ce ɗanta ya zama ɗan bariki, ba ta nufin ya sa kaki. Tana nufin ya bar gaban iyaye, idonsa ya buɗe, kunya ta ragu. A cikin wannan kalma ɗaya Hausawa suka ajiye hukuncinsu a kan irin zaman da ya tsiro a gefen sansanonin Turawa.

Wasu Turawan laƙabi aka yi musu daga aikinsu ko halinsu. Cargill, Razdan na Kano, ya zama Mai Gunduma saboda yanka ƙasa gunduma-gunduma. Hanns Vischer ya zama Ɗan Hausa, gidansa na nan a Kano da sunan. Shi Lugga da muƙami aka tuna shi, muƙamin da ke kawo hoton ofis da alƙalami da sa hannu.

Shi ya sa nake ganin ya kamata malamin tarihi, idan ya rubuta Gwamna Lugga a allo, ya gaya wa yara cewa hafsan soja ne wanda ya shafe kusan shekara ashirin yana yaƙi kafin ya ɗaga tuta a Lakwaja. Su san cewa kafin alƙalamin akwai igwar da ta fasa ƙofar Kano, akwai kuma Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi a Yulin 1903.