Asalin Naɗa Kyanwa Shugabar Tasha a Japan

Tun da daɗewa kyanwa take zama a tashoshin jirgin ƙasa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Inda aka tara buhunan hatsi ana jiran tarago, nan ɓera yake yin gida, inda kuwa ɓera ya yi gida sai an nemo mage. Ma'aikatan reluwe sukan ajiye ta don ta tsare musu sito, su kuma su ba ta ragowar abinci da wurin kwana. Amma a ɗora mata hula, a ba ta muƙami da ofis, har mutane su biya kuɗin jirgi don su zo gaishe ta, wannan labarinsa ya shahara ne daga wata ƙaramar tasha mai suna Kishi, a lardin Wakayama na ƙasar Japan.

Kishi ita ce tasha ta ƙarshe a wani ɗan gajeren layi da ake kira Kishigawa, tsawonsa bai wuce kilomita 14 da 'yan kai ba. Mutanen karkarar sun koma shiga mota, fasinja ya yi ƙaranci, har kamfanin da yake da layin ya ce zai rufe shi saboda asara. Mazauna wurin suka tashi tsaye suka ƙi. A shekarar 2006 wani sabon kamfani ya karɓi layin, amma don rage kashe kuɗi sai ya janye ma'aikata daga ƙananan tashoshin, ciki har da Kishi.

To, a bakin tashar akwai wata mata mai ɗan kanti wadda take kula da wasu kyanwoyi. A cikinsu akwai Tama, wadda aka haifa a 1999, mai launi uku: fari da baƙi da ruwan ƙasa. Tama ta saba da mutane ƙwarai. Takan kwanta a ƙofar tasha, mai wucewa ya shafa bayanta, ba ta gudu ba ta yakushi. Ana nan sai aka ce wa matar ta cire ɗan ɗakin da kyanwoyin suke kwana, domin filin ya zama na hanya. Ta rasa inda za ta kai su. Sai ta je wurin shugaban sabon kamfanin, Mitsunobu Kojima, ta roƙe shi ya bar su su zauna cikin tasha.

A nan ne labarin ya juya. Mutumin da ya karɓi layi mai asara, yake neman inda zai rage ɗawainiya, da ya ce mata ba shi da lokacin zancen mage, ba wanda zai ga laifinsa. Amma ya tsaya ya saurare ta, ya dubi kyanwar, ya amince. Ni dai a ganina wannan sauraron shi ne asalin abin duka, domin a ranar babu wanda ya san kyanwar za ta kawo ko sisi. Japanawa kuma dama suna da wani mutum-mutumin kyanwa mai ɗaga hannu da sukan ajiye a bakin kanti, a cewarsu tana kiran ciniki, don haka tunanin ajiye kyanwa a tasha bai zo musu baƙo ba.

A watan Janairu na 2007 aka naɗa Tama shugabar tashar Kishi. Aka ɗinka mata 'yar hula irin ta ma'aikata, aka rataya mata lamba a wuya. Aikinta tarbar fasinja, albashinta abinci. Uwarta da wata kyanwar aka ce su ne mataimakanta.

Kafin a ce me, labari ya cika ƙasa. Mutane suka riƙa shiga jirgin ba don suna da wata buƙata a Kishi ba, sai don su ga shugabar tasha su ɗauki hotonta. Wani masanin tattalin arziki ya ƙiyasta cewa a 2007 kaɗai ta jawo wa yankin kimanin yen biliyan 1.1. Aka yi ta ƙara mata girma, aka mai da tsohon ɗakin sayar da tikiti ya zama ofishinta. A 2009 aka fito da jirgi mai zane-zanenta, a 2010 kuma aka sake gina tashar da rufi mai siffar fuskar kyanwa, da kunnuwa da idanu.

Tama ta mutu ranar 22 ga Yuni, 2015, tana da shekara 16. Kimanin mutum 3,000 suka halarci bankwana da ita, aka kuma gina mata ɗan wurin tunawa a tashar bisa al'adar addininsu na Shinto. Wata kyanwa mai suna Nitama, wato Tama ta biyu, ta gaje ta, wasu tashoshin Japan su ma suka kwaikwayi abin. Layin Kishigawa da aka so rufewa, har yau jirgi yana bin sa.