Tazarce: Yadda Masu Mulki Ke Dawwama a Kan Karaga

Tazarce kalma ce da ta yi tashe a zamanin Janar Sani Abacha, kuma tana nufin yunƙurin mai mulki na ci gaba da zama kan kujera bayan lokacin saukarsa ya yi. Ba kasafai ake yin ta da bindiga tsirara ba; da doka ake yi, da ƙuri'a, da kuɗin baitulmali.

A Nijeriya, gwamnatin Abacha ta yi wa jam'iyyu 5 kaɗai rajista, kuma a watan Afrilun 1998 dukkansu sun tsayar da shi ɗan takarar shugaban ƙasa. Mutuwarsa a ranar 8 ga Yunin shekarar ce ta katse shirin.

Na Nijar ya fi fito da yadda abin ke aiki. A 2009 wa'adin Shugaba Mamadou Tandja na biyu yana gab da ƙarewa, sai ya nemi ƙuri'ar raba gardama. Ya rushe majalisar dokoki a watan Mayu. Da kotun tsarin mulki ta ce shirin ya saɓa wa doka, ita ma ya rushe ta a watan Yuni. Ranar 4 ga Agusta aka kaɗa ƙuri'ar, 'yan adawa suka ƙaurace, aka ƙara masa shekaru 3. Wato duk hukumar da ke da ikon cewa a'a sai da aka kawar da ita kafin a tambayi talakawa. Sai dai ba a ɗaure sojoji da takarda: ranar 18 ga Fabrairun 2010 dakaru ƙarƙashin Salou Djibo suka kifar da shi.

Inda jam'iyya mai mulki ta mamaye majalisa kuma barikoki suka yi shiru, tazarce kan ɗore. Paul Biya, wanda ke mulkin Kamaru tun 1982, ya sa an cire iyakar wa'adi a 2008. A Togo dabarar ta fi wayo: tsarin mulkin 2024 ya mayar da ainihin iko hannun shugaban majalisar ministoci, muƙamin da ba shi da iyakar wa'adi, kuma a watan Mayun 2025 Faure Gnassingbé, wanda ya gaji mahaifinsa a 2005, ya hau kujerar.